Ƙafar Hagu: Masu Koyar da Tuƙi a Kankiya da Kusada

Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, ka leƙa filin ƙwallon wata firamare ko filin idi a bayan gari, da wuya ka rasa wata tsohuwar Golf tana zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. Ta matsa kaɗan, ta zabura, ta mutu. A murɗa makulli, ta tashi, ta sake zabura, ta sake mutuwa. Yara na gefe sun ajiye ƙwallo suna ta dariya. A cikin motar mutum biyu ne: ɗan koyo ya riƙe sitiyari kamar za a ƙwace masa, gumi na bin wuyansa, sai kuma mai koya masa, wanda hannunsa ba ya barin hambirki. Maganarsa ba ta wuce guda ɗaya ba, ita yake ta nanatawa tun ɗazu: “Saki kuloci a hankali. A hankali na ce maka!”

Wannan mutumin shi ne makarantar tuƙi ta yawancin mutanen Kankiya da Kusada. Ba shi da allo a ƙofar shago, ba shi da ofis. Galibi direban haya ne, da safe ya yi lodin Katsina ko Kano, da yamma ya dawo ya ɗauki ɗan koyo ɗaya ko biyu. Wani kuma tsohon direban ma'aikata ne da ya yi ritaya, jikinsa ya daina ɗaukar doguwar tafiya amma kunnensa bai daina jin inji ba. Jarinsa mota ce wadda ba ya jin tsoron a wahalar da ita, sai haƙuri mai yawa. Kuɗin koyo ciniki ne, ya danganta da wanda ya kawo yaron da kuma irin zumuncin da ke tsakani. Mai kuwa a wuyan ɗan koyo yake, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin man ya kan fi ladan malamin nauyi. Darasin da a da ake yi har magariba, yanzu lita ce ke yanke masa lokaci. Idan kuma ɗan koyo ya ƙone kuloci, wannan asarar mai mota ce, sai dai ya haɗiye.

Shekarun baya babu wata tambaya da ake yi wa mai koyarwa illa “yaushe za mu fara?” Yau kuwa kafin a yi maganar kuɗi sai an tambaya: manuwal zan koya ko otomatik? Wato motar da direba ke canza mata giya da hannunsa yana taka kuloci da ƙafar hagu, ko kuwa wadda ke canza wa kanta giya, ƙafar hagu tana hutawa. Wasu ma cewa suke yi, wane lasin zan nema?

A nan ya kamata a fara warware wani ruɗani. Lasin tuƙi na Nijeriya bai raba mota ta fuskar giya ba. Rabonsa na nauyi ne da irin aiki: rukunin A na babur, B na ƙananan motocin gida, F na tarakta da injunan gona, G na tirela, J na masu lalura ta musamman a jiki, da sauransu a tsakani. Hukumomi uku ne ke da hannu a fitar da shi. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Akwai jami'an duba lafiyar motoci, waɗanda direbobi ke kira Bi'ayo, su ne ke gwada mutum. Sai hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Ƙa'ida ita ce mai neman lasi karo na farko ya kai shekara 18, ya bi ta makarantar tuƙi da FRSC ta amince da ita, ya yi zama 26 na darasi, a gwada shi, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, sannan a ba shi na shekara uku ko biyar. Irin waɗannan makarantu a manyan birane suka fi yawa, shi ya sa ɗan Kusada kan koyi mota a filin garinsu, takarda kuwa ya bi ta Katsina ko Kano. Amma a duk wannan tafiyar, babu wurin da ake rubuta masa a kati cewa da otomatik aka gwada shi. Wanda bai taɓa taka kuloci ba a rayuwarsa, doka ta yarda gobe ya hau mota mai giyar hannu ya shiga titi.

Ba haka abin yake ko'ina ba. A Ingila, idan da otomatik ka ci jarrabawa, otomatik kaɗai lasinka ya halatta maka, in kana son ɗayar sai ka sake zama gwaji. A ƙasashen Tarayyar Turai lamba 78 ake bugawa a bayan katin, duk ɗan sandan da ya gani ya san ba a yarje maka giyar hannu ba. Jamus ta sassauta a 2021: ka yi jarrabawa da otomatik, amma ka ƙara darasi goma a mota mai kuloci, malaminka ya shaida ka iya, sai a ɗage maka takunkumin. Afirka ta Kudu da Dubai su ma suna rarrabewa, abin da ya kamata matasanmu masu mafarkin aikin direba a ƙasashen Larabawa su sani tun suna gida. Amurka kuwa, inda kamfanin General Motors ya fara sayar da giyar otomatik ga jama'a a motocin Oldsmobile na 1940, ba ta damu da rarrabewa a lasin ƙananan motoci ba, don a can mota mai kuloci ta kusa zama kayan tarihi.

To tun da a nan hukuma ba ta raba ba, wa ke rabawa? Tasha ce.

Kankiya a kan babban titin Kano zuwa Katsina take, kimanin kilomita sittin daga birnin Katsina, kuma daga cikinta hanyoyi ke fita zuwa Dutsin-Ma da Ingawa. A ɓangaren Kusada akwai Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, inda hanyar Malumfashi da Funtuwa ke haɗuwa da titin Kano. Duk wanda ya tsaya a ɗaya daga cikin waɗannan mahaɗai na rabin sa'a ya ƙirga motocin da ke neman kuɗi, zai ga amsar da idonsa. Golf mai dogon baya da aka danna wa fasinja har but, Sharon, bas ɗin Hiace da ake kira Homa, tsohuwar J5 mai ɗaukar buhuna da awaki, Kanta, a-kori-kura, tifar yashi, DAF ɗin da ke jigilar hatsi da shanu. Kusan dukkansu masu kuloci ne. Taraktar da za ta yi huɗa da damina ma haka. Ko Keke Napep, giyarsa a hannu take da kulocinta. Saurayin da ya zo wa shugaban tasha da lasi sabo fil, ya ce shi otomatik ya iya, zai sha kallo kawai. Ba mai ba shi makulli.

Tasha kuwa tana da tata makarantar, wadda ta girmi FRSC nesa ba kusa ba. Yaro kan fara da wankin mota da asuba. Ya koyi duba ruwan lagireto da baƙin mai, ya koyi ɗaure kaya da igiya yadda ba za su zame ba, ya koyi canza taya, ya koyi dirowa da gudu ya sa waji a bayan taya idan babbar mota ta tsaya a hawa. Karen mota ke nan, sunan da birni ke faɗa da raini, alhali manyan direbobi da yawa ta nan suka biyo. Shekara ɗaya, biyu, wani har biyar, yana zaune a gefen maigidansa yana kallon hannu da ƙafa. Kafin a taɓa ba shi sitiyari, kunnensa ya riga ya haddace kukan inji, ya san lokacin da mota ke neman lamba uku tun maigida bai kai hannu ba. Ranar farko da za a ce masa “matsar da ita gaba” a cikin tasha, ranar ba ya iya barci. Daga matsarwa sai ribas, daga ribas sai a ba shi hanya idan babu fasinja, har ranar da maigida zai kwanta a kujerar gefe ya rufe fuska da hula. Wannan barcin shi ne takardar shaidar da ta fi kowace daraja a sana'ar.

Mutanen wannan yanki ba baƙin girmama direba ba ne. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ke maƙwabtaka, ya yi wa direbobi waƙa, har yau ana jin ta Bawa Direba a rediyo. A zamanin, iya sarrafa giya abin alfahari ne kamar iya sukuwa. Tsofaffin direbobi suna tuna 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, aka fara sauya motoci, sandar giya ta bar hannun hagu ta koma na dama, gwanaye suka koma kamar 'yan koyo na ɗan lokaci. Bayan shekara uku, a 1975, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, 504 ta cika hanyoyin Arewa, daga baya 406 ta gaje ta. A kan waɗannan motoci aka yi rainon direbobi da bakanikai na zamani guda, kuma duk da kuloci aka yi rainon.

Sai dai ba don tarihi direban haya ke manne wa manuwal ba. Lissafi ne. Idan batir ya yi sanyi da asubar hunturu a Rimaye ko Kafin Soli, samari huɗu sun isa: a sa ta a lamba biyu, a tura, a saki kuloci, ta tashi. Otomatik ba ta san turi ba, sai an nemo wani batir. Idan ta lalace a hanya ma jan ta da igiya tafiya mai nisa na iya kashe giyabos ɗin gaba ɗaya, domin man da ke cikinsa ba ya zagayawa sai inji na aiki. Ga hanyoyin ƙauye masu yashi da rani, masu taɓo da damina, ga lodin da ya wuce ƙima ranar kasuwa. Direban manuwal yana jin nauyin a tafin ƙafarsa, ya zaɓi lambar da ta dace, ya lallaɓa ta fita. Tsohuwar otomatik in aka matsa mata haka sai man giyarta ya ɗau zafi, ta fara santsi, wata rana ta ƙi shiga ribas. Kulocin da ya cinye, bakaniken garinku zai sauke giyabos ya sa sabon faranti kafin yamma. Giyabos na otomatik in ya mutu, yawancin bakanikai ba sa ma buɗe shi, sai dai a tafi Ƙofar Ruwa a Kano a sayo na Beljiyam a ɗora, ana addu'ar Allah Ya sa mai lafiya ne. Kuma da yawa ba tsufa ke kashe su ba, man da bai dace ba ake zuba musu, don mai shago ya ce ai duk ja ne. Tsofaffin otomatik masu lamba huɗu sun fi shan mai kuma, ko da yake sababbin zamani sun rufe wannan giɓin.

Duk da haka otomatik ta shigo, kuma ba za ta koma ba. Ta biyo motocin Kwatano ne, musamman waɗanda aka kwaso daga Amurka: Corolla, Camry, Vibe, da jerin Honda masu laƙabi iri-iri. Ko da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, kasuwar ba ta canza ɗabi'a ba, tashar jiragen ruwa ta Legas ta ci gaba da sauke irinsu. Yau idan malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti ko ɗan kasuwa ya je sayen motar gida, abin da zai fi tararwa ke nan a wurin dillalai. Shi ya sa mai koyarwa mai wayo yanzu yake ƙoƙarin samun mota biyu, ko ya ce wa ɗan koyo ya zo da tasa.

A tasha ana yi wa otomatik shaguɓe, ana ce mata motar mata, ko motar malalata. Ni wannan magana ba ta burge ni. Mutanen da ke faɗin haka, da yawansu roba-roba suke hawa zuwa gida, babur ɗin da ba shi da kulocin hannu, ba wanda ya ce sun rage mazantaka. Kuma otomatik ta buɗe wa mutane ƙofar da kuloci ya rufe musu shekara da shekaru. Wanda shan inna ya taɓa wa ƙafar hagu yanzu yana kai kansa inda yake so. Dattijo mai ciwon gwiwa bai daina zuwa gonarsa ba. Matar da ke aikin dare a asibiti ba sai ta jira wani ya zo ɗaukar ta ba. Wanda ya taɓa shiga cunkoson Kano da yamma, daga Dawanau zuwa cikin gari, ƙafarsa na kan kuloci har ta yi tsami, ya san ni'imar da ke cikin motar da ke canza wa kanta giya. Bayan haka, ɗan koyon da ba ya fama da giya hankalinsa ya fi zama a kan hanya, ya ga ɗan acaɓa, ya ga akuya, ya ga yaron da ya ɓullo daga bayan tirela.

Aibinta ɗaya ne, kuma babba: tana sa mutum ya ɗauka ya iya tun bai iya ba. Manuwal tana tona asirin ɗan koyo, da ya yi kuskure ta mutu, kowa ya gani. Otomatik ba ta mutuwa. Kwana uku ya ishi yaro ya ga yana tafiya sumul, sai ya ce wa malaminsa ya gode, ya hau babban titi. Ranar da abu ya gifta masa, ƙafarsa ta nemi birki ta samu totur, babu kulocin da zai raba inji da taya, sai dai katanga ta tsayar da shi. Shi ya sa masu koyarwa na kirki abu na farko da suke yi shi ne su sa ɗan koyo ya naɗe ƙafar hagu can baya, kamar ba tasa ba, dama kaɗai ke aiki tsakanin birki da totur. Ni kaina, da na saba da manuwal, ranar farko da aka ba ni aron otomatik na zo kwana na kai ƙafar hagu neman kuloci, na danne birki da dukkan ƙarfina. Wanda ke gefena sai da goshinsa ya gaisa da gilashi. Allah Ya taimaka babu mota a bayanmu. Kowane ɓangare ka fito, sai ka sake zama ɗan koyo a ɗayan, bambancin kawai shi ne mai manuwal yini guda ya ishe shi ya saba, mai otomatik kuwa sai ya koma filin ƙwallo ya sha dariyar yara.

Kada kuma a ɗauka masu koyarwar nan ba su da nasu laifin. Sun iya koyar da hannu da ƙafa, amma alamomin hanya da dokokinta ba kowa ya damu da su ba, wani shi ma ba a koya masa ba. Motarsu ba ta da birki na biyu a gefen malami kamar ta makarantun birni, hambirki ne kawai da tsawa. Harafin L ja da doka ta ce a manna gaba da baya, sau nawa ka gan shi a ƙauye? Mafi muni, suna gadar wa yara miyagun ɗabi'un tasha. Babba a ciki ita ce sa mota a firi a gangara don a rage shan mai, abin da ya ƙaru tun da mai ya yi tsada. Motar da ke firi ta rabu da injinta, birki kaɗai ke riƙe da ita, in ya ɗau zafi ya sake shi ke nan. Amfanin manuwal na gaske shi ne ka sauko da giya inji ya taya ka riƙe mota, sai ga shi wanda ya fi kowa alfahari da ita ya yar da wannan amfanin don ya tsira da rabin lita. Sai kuma al'adar aika hoto da kuɗi a kawo wa mutum lasi har gida ba tare da kowa ya ga tuƙinsa ba. Wanda ya samu lasi ta wannan hanya, tambayar manuwal ko otomatik ma ba ta taso ba.

Akwai wani abin da ke damun tsofaffin sana'ar, ko da ba su faɗa da baki ba. Yaran yanzu ba sa son zaman shekara uku a gefen maigida. Babur na nan, Keke na nan, ana samun na cefane tun ranar farko. Masu haƙurin zama karen mota suna raguwa, alhali manyan motocin da ke bin titin Kano zuwa Katsina suna ƙaruwa, kuma aikin mayar da shi tagwaye zai ƙara musu gudu ne kawai. Motoci masu lantarki da ake ta labari ba su da kuloci ko kaɗan, wata rana za su iso. Amma DAF ɗin da ke tsaye a Gidan Mutum Ɗaya yau, da Kantar da za ta kwaso masara bana, ba su san da wannan labari ba, kuma za su daɗe suna aiki.

Don haka idan uba ya tambaye ni me ɗansa zai koya, sai na tambaye shi me yaron zai yi da tuƙin. In motar gida ce zai riƙa kai iyali asibiti da biki, kuma otomatik ce a gidan, ya koyi otomatik, amma ya cika kwanakinsa, kada sauƙinta ya rage masa ko darasi ɗaya. In kuwa da tuƙin zai ci abinci, ko da direban ofis ko na wani Alhaji zai zama, to ya fara da kuloci. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da za a miƙo masa makullin Hilux ko bas ɗin makaranta a ce ya gwada, ba ranar koyo ba ce.

Ga hukuma kuma, roƙona bai da yawa. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a Kankiya da Kusada sun san duk wanda ke koyar da mota a garuruwansu, da sunansa da motarsa. FRSC da hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jiha, KASSAROTA, su nemi waɗannan mutane ta hannun ƙungiyar, a ba su horo kan dokokin hanya, a haɗa su da makarantun da aka amince da su, maimakon a yi kamar babu su. Bi'ayo kuma ya gwada mutum da gaske, a cikin irin motar da zai tuƙa. In lasin haya yake nema, a sa shi ya tsaya a hawa da mota mai kuloci, ya tashi ba tare da ta koma baya ba, kafin a sa masa hannu.